Saiwar latas ɗina tana ruɓewa cikin bokiti, ganye na yaushi alhali ruwa a cike yake, don Allah ku taimaka

Sadiku_Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum yayyena da ƙannena, barkanmu da war haka. Don Allah masu noman ruwa ku zo ku taimaka min, yau kwana huɗu ke nan abin nan ya hana ni sukuni.

Ina zaune a Aboabo nan Kumasi, gidan haya ne irin na mutane da yawa, tsakar gidan duk siminti ne babu ƙasar da za ka dasa ko tattasai ɗaya. Mamana tana sayar da waakye, wato wake da shinkafa, da safe a bakin titi, kun san dai masu saye yanzu in babu salak a kai sai su ce ba a gama ba, to kullum sai ta aiki ƙanwata kasuwa sayen latas, wata rana ya yi tsada wata rana ganyen duk ya sha rana ya kwanta. Shi ne na ce bari in gwada noman nan da ba a sa ƙasa, ruwa da taki kawai, ko na rage mata wannan kashe kuɗin.

Ga yadda na yi. Na sayo baƙaƙen bokitai guda shida masu murfi a kasuwar Kejetia, kowanne lita 20, na fasa rami uku uku a murfin, na sa ƙananan kofunan roba da na huhhuda da ƙusa mai zafi, na cika su da garin ɓawon kwakwa wanda ake ce wa kokopit. Sai kuma wani babban baho mai cin kamar lita 60 da na sa wa famfon iska irin na masu kiwon kifin ado, shi tumatir huɗu na sa a ciki. Taki kuma na sayi na noman ruwa mai A da B, na bi abin da aka rubuta a jiki. Duk na jera su a bayan ɗakinmu jikin katanga, wajen rana tana bugawa tun daga hantsi har bayan la'asar.

Sati uku na farko wallahi abin sha'awa, ganye kore shar, saiwa fara fat kamar taliya, har maƙwabta suna zuwa kallo, mamana tana ta sa min albarka. Da muka shiga sati na huɗu sai na ga da rana ganyen yana langaɓewa, da magariba ya miƙe. Na buɗe murfi na ga ruwa ya sauka kusan rabi, sai na ce ai ƙishirwa ce, na ɗebo ruwa na cika kowane bokiti har baki har yana taɓa gindin kofin. Kwana biyu bayan haka abin ya ƙara lalacewa, yanzu ko da dare ba ya miƙewa, ganyen ƙasa sun zama ɗorawa, na sake cikawa. Jiya da na ɗaga murfin guda ɗaya wani wari ya buge ni kamar na kwata, saiwar ta koma kalar ƙasa, tana yauƙi kamar kuɓewa, in ka taɓa sai ta manne a yatsa. Jikin bokitin ta ciki ma ya yi kore kore. Tumatir ɗin cikin baho su ma biyu sun fara, duk da akwai famfo, amma fa akwai daren da wuta ta ɗauke har gari ya waye.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne yaya shuka tana zaune cikin ruwa tsundum amma tana yaushi kamar wadda aka manta a fako? Taki ne ya yi yawa ko ya yi kaɗan? Cuta ce? Akwai maganin da zan saya? Kuma waɗanda suka fara za su tashi ko in zubar? Bidiyoyin da na koya da su a YouTube yawanci na turawa ne masu noman wiwi a Amurka da Kanada, su ne suka fi yin bayanin bokiti, ban taɓa ganin nasu ya yi haka ba. Na gode, Allah ya saka.

Nasiru_Nima ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu, Allah ya mayar da alheri. Ni a ganina taki ka zuba da yawa ya ƙone saiwar, ya taɓa faruwa da ni. Zubar da ruwan ka sa sabo da rabin takin. Amma jira manya su zo, ni ma ban daɗe da farawa ba.

Malam Iliyasu, Tafo ya rubuta:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sadiku ƙanena, da farko Allah ya yi maka albarka da ka tuna da wahalar mahaifiyarka, kada wannan ya karya maka gwiwa. Nasiru, na ji maganarka amma ba na jin taki ne. Taki in ya yi yawa bakin ganye ne yake fara ƙonewa ya bushe kamar an bi shi da ashana, ba ya kawo wari da yauƙi. Abin da Sadiku ya kwatanta ruɓewar saiwa ce, kuma dalilinta iska ce ta ƙare wa saiwar.

Bari in yi maka bayani a tsanake domin nan ne kusan duk mai farawa yake faɗuwa. Saiwa tana numfashi. Tana buƙatar oksijin kamar yadda kifi yake buƙata, kuma da ƙarfin wannan numfashin take jan sinadaran taki ta tura sama. In iska ta yanke mata sai ta daina aiki, sai ganye ya yi yaushi ko da tana iyo a cikin tafki. Kai ka ga yaushi ka ce ƙishirwa, kowa ma haka zai ce, amma shukar a lokacin nutsewa take yi, ka zo ka ƙara mata ruwa a ka.

Wannan tsarin bokiti da babu famfo, sunansa tsarin Kratky, sunan wani mai bincike ne a jami'ar Hawaii, Bernard Kratky, wanda ya yaɗa shi. Duk sirrinsa yana cikin wannan sararin da ke tsakanin murfi da saman ruwa. Da farko ruwa yana taɓa gindin kofi don ƙaramar saiwa ta samu, sai shuka ta riƙa sha ruwa yana sauka, saiwa tana binsa ƙasa, ita kuma saiwar da ta rage a sama cikin danshi sai ta sauya hali, ta yi gashi gashi fari, ita ce take shaƙar iska. Wato lokacin da ka buɗe ka ga ruwa ya sauka rabi, ba matsala ka gani ba, tsarin ne yake aikinsa daidai. Da ka cika har baki sai ka nutsar da hancin shukar gaba ɗaya, kuma ka yi sau biyu. Latas ɗaya kamar lita 4 zuwa 6 yake sha daga dashe har yanka, ka ga bokitinka na lita 20 da kai uku kusan ba ya ma buƙatar ƙari. In dole sai an ƙara, kaɗan ake zubawa ta yadda kashi ɗaya cikin uku na saiwar, ko rabinta ta ƙasa, shi ne a ruwa, na sama ya zauna a iska.

To amma me ya kawo yaushin farko kafin ka ƙara ruwa? Nan ne maganar zafi ta shigo, kuma ita ce babbar matsalarmu a ƙasar nan wadda turawan bidiyo ba za su gaya maka ba. Ruwa mai sanyi ya fi riƙe iska. A digiri 20 lita ɗaya tana iya riƙe oksijin kamar miligiram 9, a digiri 30 ya sauko wajen 7 da rabi, kuma wannan in ruwan ya ƙoshi da iska ke nan, ruwan da ke zaune shiru cikin bokiti bai kai haka ba. Ga shi kuma da zafi saiwa tana numfashi da sauri, ƙwayoyin cutar da ke ruwan ma suna ƙara cin iskar, buƙata ta hau, abin da ke akwai ya ragu. Saiwa ta fi son ruwa tsakanin digiri 18 da 22, in ya wuce 26 ka fara shiga haɗari. Yanzu kai ka ɗauki baƙin bokiti, ka ɗora kan siminti, jikin katanga, a watan Maris a Kumasi. Gobe da azahar sa hannunka ciki ka ji, na tabbata ruwan ya yi ɗumin da za a yi wa jariri wanka.

Sai cutar ta zo ta samu ƙofa a buɗe. Mafi yawan lokaci wata halitta ce da ake kira Pythium, tana kama da fumfuna amma ta ruwa ce, 'ya'yanta suna da ɗan wutsiya suna iyo har su samu saiwar da ta raunana su shige. Tana nan kusan ko'ina, a ƙasa, a ƙurar takalmi, a ruwan rijiya ko na kwata da ya fantsamo, ba za ka iya hana ta zuwa gaba ɗaya ba, amma saiwa mai lafiya cikin ruwa mai iska ba ta cika kamuwa ba. Akwai irinta da take murna da zafi musamman, irin yanayinmu. Koren da ka gani jikin bokiti kuma gansakuka ce, alamar haske yana shiga ta ramukan murfi ko ta gefen kofi, da dare ita ma tana cin iska, in ta mutu ta zama abincin ƙwayoyin cuta.

Ga gwajin da za ka yi da safe. Kama saiwa ɗaya tsakanin yatsu biyu ka ja a hankali. In ta ruɓe, fatar waje za ta zame ta fita kamar ka cire safa, ta bar wani siririn zare kamar gashi a tsakiya. In kuma kala ce kawai ta canja amma tana da ƙwari kuma ba wari, to wani takin ne yake rina ta, ba komai. Sannan ka duba gindin shukar daidai inda kara ya haɗu da saiwa, ka matsa da farce. Duk wanda gindinsa ya yi laushi ya yi duhu, haƙuri za ka yi, ɗaure shi a leda ka jefar nesa, kada ka tara shi kusa da sauran. Wanda gindinsa da tauri kuma akwai sauran farar saiwa ko da kaɗan ce a sama, wannan ana iya cetonsa.

Yadda za ka cece shi, cire kofin, wanke saiwar da ruwa mai tsabta mai sanyi, sa almakashi ka yanke duk ruɓaɓɓen kada ka ji tausayi, ka cire manyan ganyen waje guda biyu ko uku saboda ragowar saiwar ba za ta iya ɗaukar nauyinsu ba. Ruwan bokitin zubar da shi a kwata, kar ka ba wata shuka. Wanke bokiti da murfi da soso, jiƙa su da bilic, awo ɗaya na bilic cikin awo tara na ruwa, kamar minti 20, ɗauraye sosai har warin ya fita, shanya a rana. Almakashin ma ka tsoma shi tsakanin shuka da shuka. Sabon ruwa ka haɗa shi da rabin ƙarfin taki, a nan na yarda da Nasiru, mara lafiya ba a cika masa kwano. Ka bar sarari kamar faɗin yatsu huɗu ƙarƙashin kofi in dai saiwar da ta rage tana kaiwa ruwan. Kuma ka ɗauke su daga jikin katangar nan yau ba gobe ba, in ba haka ba duk aikin nan na banza ne.

Maganar bidiyon masu wiwi, su a ɗaki suke noma mai na'urar sanyaya, wasu har injin sanyaya ruwa gare su, shi ya sa kake ganin saiwarsu fara. Saiwa saiwa ce, abin da ke ruɓar da tasu shi ke ruɓar da ta latas, amma yanayinsu ba namu ba ne. Kuma tunda akwai yara a nan bari in faɗa, kada wani ya kalli bidiyo ya ce zai gwada noman wiwi a bayan ɗaki. Dokar da majalisar Ghana ta gyara a 2023 lasisi ta buɗe, daga ministan harkokin cikin gida, don irin da sinadarin THC ɗinsa, wato mai bugarwar, bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, na masana'antu da magani. Wanda ya shuka ba lasisi laifi ne babba.

Anti Fati, Madina ta rubuta:

Salamu alaikum. Malam ya gama magana, Allah ya ƙara ilimi. Ni dai abu ɗaya zan ƙara wanda ya ci min iri da yawa kafin in gane, wato kokopit ɗin nan da ke cikin kofi.

Ɗana Sadiku, ka ce ruwa yana taɓa gindin kofi. To kokopit kamar soso yake, yana zuƙo ruwa sama ya riƙe, in gindin kofi yana cikin ruwa dare da rana to wuyan shukar yana cikin laka ke nan dare da rana. Ni farkon farawata a kan bene nake rainon iri cikin tire, safe in ba ruwa, rana in ba, yamma in ba, saboda ina ganin saman ya bushe ina jin tausayinsu. Sai in tashi da safe in ga 'yan tsiron sun kwanta ɗaya bayan ɗaya, in ka duba wuyansu ya tsuke ya zama kamar zare daidai inda ya fito daga kokopit, ganyen kuma kore lafiya lau. Na yi kuka a kan tire guda wallahi, domin da kuɗin adashina na sayi irin. Ashe ni ce nake kashe su da ruwa.

Yanzu abin da nake yi, ina ɗaga tiren da hannu in ji nauyinsa, in da nauyi ba na ba da ruwa ko saman ya yi fari. In ka damƙi kokopit a hannu ya kamata ya ɗiga ɗigo ɗaya biyu ne kawai, in yana zuba kamar ka matse tsumma ya yi yawa. Kuma ina gauraya shi da ƙonannen ɓuntun shinkafa don iska ta samu hanya. Sannan sabon kokopit ka jiƙa shi ka wanke sau biyu sau uku kafin ka yi amfani da shi, wani yana zuwa da gishiri. Da zarar saiwa ta leƙo ta ramin kofi ta kai tsawon yatsa, shi ke nan kofi da ruwa sun rabu har abada.

Mu nan Accra wasu unguwannin ruwan burtsatse yana da gishiri gishiri, latas ba ya so, ni ruwan sama nake tarawa in na samu, in na famfo ne in bar shi a buɗe ya kwana kafin in haɗa taki. Ku a Kumasi ina jin kun fi mu sa'ar ruwa. Ka gaishe min da Hajiya, ka ce ta ƙara haƙuri salak na nan tafe.

Sadiku_Aboabo ya rubuta:

Malam, Anti, Nasiru, Allah ya saka muku da alheri, ban san da wane baki zan gode ba. Na yi gwajin, wallahi kamar yadda Malam ya faɗa fatar ta zame ta bar zare. Na ari tamomita, ma'aunin zafi, wajen wani abokina mai kiwon kaji na tsoma da ƙarfe biyu na rana, ruwan ya nuna 33. Cikin latas 18 guda bakwai gindinsu ya yi laushi na jefar, 11 na yanke na wanke. Na matsar da su ƙarƙashin rumfar da mama take ajiye itace, rana tana samunsu da safe zuwa wajen sha ɗaya.

Saura tambaya biyu. Tumatir na baho fa, tunda su da famfo, me ya same su, kuma in wuta ta ɗauke me zan yi? Na biyu wani ya ce min in zuba haidirojin peroksaid na wanke ciwo a ruwan, gaskiya ne?

Baba Sule mai kifi, Asawase ya rubuta:

Yaro, bari mai kifi ya amsa maka ta famfo, domin abin da ke kashe min tarwaɗa da tilapiya shi ne yake kashe maka tumatir. Tsarin baho ba kamar na bokiti ba ne, a nan saiwar duk tana cikin ruwa, ba ta yi hancin sama ba, rayuwarta tana hannun famfo. Daren da wuta ta ɗauke, ruwa da ɗumi, manyan tumatir huɗu suna ja, kafin asuba iskar ta ƙare. Dare ɗaya ya isa ya raunana su cutar ta shiga.

Abin da za ka yi in dumsor ya zo, wato an ɗauke wuta, ɗebe ruwan bahon ka rage shi zuwa rabi ka ajiye a jarka, saiwar sama ta samu iska, in wuta ta dawo ka mayar. In kana farke ka ɗebi ruwan da moɗa ka riƙa zubo shi daga sama yana kumfa, minti biyar duk bayan awa biyu ya fi babu. Akwai kuma ƙananan famfo masu aiki da USB, ka haɗa da pawa bank ɗin wayarka, suna kai ka safiya, masu sayar da kayan kifi suna da su. Ko da wuta ma, ni shawarata kada ruwan baho ya taɓa murfi, bar sarari koyaushe.

Duba dutsen iskar kuma, wancan da kumfa ke fita ta jikinsa, in ya yi wata biyu yana toshewa da yauƙi, sai ka ga kumfa manya manya ƙwaya biyu suna tashi a gefe ɗaya, ka ɗauka yana aiki. Ƙananan kumfa masu yawa ake so, ruwan ya riƙa motsi ko'ina. Baho lita 60 dutse biyu ya kamata. Famfon ka rataye shi sama da bakin ruwa, in yana ƙasa wuta ta ɗauke ruwa yana biyo tiyo ya koma cikinsa ya ƙone shi, na yi asarar biyu a haka. Kuma kada ka ajiye shi a rana, iska mai zafi zai riƙa hura maka cikin ruwa.

Sanyaya ruwa kuwa kakanninmu sun riga mu sani, dubi randa. Nemo buhun koko na igiya ka naɗe bokiti, ka jiƙa shi da hantsi da azahar, iska na bugawa ruwan ciki na sanyi. Ɗaga su daga siminti ka ɗora kan katako. Murfin ka shafa farin fenti a kan baƙin, ciki duhu waje fari. Ranar da zafi ya yi tsanani daskarar da ruwa a gorar roba, rufe bakin gam, jefa ciki da azahar.

Nasiru_Nima ya rubuta:

Na karɓi gyara Malam, na gode, ashe nawa ma wancan lokacin ƙila ba taki ba ne. Peroksaid ɗin ni ina zubawa duk sati kuma ina ganin amfaninsa, saiwa tana yin fari.

Malam Iliyasu, Tafo ya rubuta:

Baba Sule ya ba ka zinariya, riƙe ta. 33 kuwa ai ka ga amsarka da idonka.

Peroksaid yana aiki amma ina so ku fahimci iyakarsa. Yana kashe abin da ke yawo cikin ruwa, yana wanke yauƙi, sannan ya rikiɗe ya koma ruwa da oksijin cikin 'yan kwanaki, shi ke nan ya tafi. Ba ya dawo da saiwar da ta mutu, ba ya shiga cikin saiwa ya fitar da cutar da ta riga ta shige, kuma in ruwanka yana nan a 33 sati mai zuwa za ka dawo da tambayar nan. In za ka sa, mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari, mililita 2 zuwa 3 a kowace lita, wato bokitinka in akwai lita 12 ciki kamar mililita 30, auna da sirinji kada ka kimanta da ido. Karanta jikin kwalbar da kyau, wani da ake sayarwa a kemis kashi 6 ne, shi rabin wannan za ka sa. In ya yi yawa yana ƙone sabbin gashin saiwa, waɗanda su ne kake roƙon Allah su fito. Shi ya sa Nasiru ban goyi bayan zubawa duk sati ba tare da dalili ba, kuma peroksaid ba ya bambanta ƙwayoyin kirki da na banza, duk wanda yake sa maganin ƙwayoyi masu amfani irin su Bacillus ko Trichoderma a ruwansa to ya zaɓi ɗaya, ba a haɗa su. Don Allah kuma kada kowa ya gauraya bilic da peroksaid, ko bilic da ruwan rage pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, haɗin na ƙarshen nan hayaƙi mai guba yake fitarwa.

Tunda na ambaci pH, in ka samu hali sayi ɗan abin gwajinsa, ko na ɗigo ne, ka riƙe shi tsakanin 5.5 da 6.5. In ya hau sama da haka sabbin ganyen tsakiya ne suke yin ɗorawa jijiyoyinsu na nan kore, wannan ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, daban yake da naka da ya fara daga ganyen ƙasa. Na faɗa ne don kada gobe ka ga ɗorawa ka hau yanke saiwa mai lafiya.

Gaskiyar da zan ƙara maka, latas ɗan sanyi ne. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ko saiwa ta tsira yana saurin yin kara ya yi ɗaci. Ni a watannin nan rabin bokitaina alayyafo da ayoyo nake sawa, suna jure zafi, ga miyar tuwon zafi a gida, in damina ta zauna gari ya yi sanyi wajen Yuni zuwa Agusta sai in koma latas da ƙarfi. Waɗannan 11 ɗin ka duba su bayan kwana biyar zuwa bakwai, abin da kake nema ƙananan fararen tsinke suna fitowa daga saman tsohuwar saiwa. Kafin nan kada ka riƙa ɗaga murfi kowace awa, sau ɗaya da safe ya isa.

Sadiku_Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum, na dawo da labari bayan kwana tara. Cikin 11 ɗin guda takwas sun fito da sabuwar saiwa fara, gajeru kamar ƙayar kifi, na kira mama ta zo ta leƙa da kanta. Uku ba su tashi ba na cire. Tumatir biyu sun tsira, biyun da suka fara yaushi na rasa su, da na tsaga gindin ɗaya cikinsa duk ya yi duhu. Na samu buhun koko guda huɗu wajen wani kawuna, da jiƙawa da inuwar rumfa ruwan yana tsayawa 27 zuwa 28 da rana, na san bai kai yadda Malam ya ce ba amma warin ya tafi gaba ɗaya. Na yi wa kowane bokiti alama da farin fenti ta ciki daidai inda ruwa ba zai wuce ba, don ƙanwata ma tana taya ni in na tafi aiki. Famfon USB ban saya ba tukuna sai ƙarshen wata.

Anti Fati na zuba sabon iri a tire ranar Lahadi, alayyafo rabi latas rabi, ina ɗagawa in ji nauyi kamar yadda kika ce, jiya ban ba su ruwa ba sam kuma suna tsaye. Tambaya ɗaya, ƙonannen ɓuntun shinkafar a ina kike samu, ko ke kike ƙonawa da kanki?